ECOWAS da Maƙwabtanta Bayan Ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso: Tambayoyi da Amsoshi

Tun ranar 29 ga Janairun 2025 lissafin Afirka ta Yamma ya sauya, ba tare da an matsar da turken iyaka ko ɗaya ba. Nijar da Mali da Burkina Faso, waɗanda da su aka aza harsashin ECOWAS, sun tashi daga 'yan gida sun koma maƙwabta. Ga mazaunin Legas ko Akara, wannan labarin rediyo ne kawai. Ga mutumin Illela da Ƙonni, ko Jibiya da Maraɗi, ko Maigatari da Magarya, magana ce ta cin kasuwar mako, da wutar lantarki, da zuwa suna gidan 'yan uwa. Ga tambayoyin da aka fi yi kan yadda ƙungiyar za ta zauna da waɗanda ke kewaye da ita.

Wace ƙungiya ce ECOWAS, kuma su wa ake nufi da maƙwabtanta?

Ƙungiyar raya tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma ce, wadda mutanen Nijar suka fi sani da CEDEAO. An kafa ta a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, kuma Janar Yakubu Gowon na Najeriya da Gnassingbe Eyadema na Togo su ne suka yi ta yawo ƙasa-ƙasa har aka amince da ita. Hedikwatarta tana Abuja. Bayan ficewar ƙasashe ukun, mambobinta 12 ne: Najeriya, Gana, Benin, Togo, Kodebuwa, Senegal, Gambiya, Gini, Gini Bisau, Saliyo, Laberiya da Kef Bad.

Maƙwabtan kuwa iri-iri ne. Akwai sababbi, wato ƙasashe ukun da suka haɗu suka kafa ƙawancen Sahel da ake kira AES. Akwai Muritaniya, wadda ita ma 'yar gida ce a da. Akwai Kamaru da Chadi ta gabas, waɗanda ke cikin ƙungiyoyin Afirka ta Tsakiya. Sai Maroko da Aljeriya, da ba su haɗa iyaka da ƙasashe 12 ɗin ba, amma hannunsu na cikin kusan duk wani babban aiki da ake shirin yi a yankin.

Me ya kai ƙasashen uku ga ficewa?

Juyin mulki ne ya fara, takunkumi ya ƙarasa. Sojoji sun karɓi mulki a Mali a Agustan 2020, suka sake a Mayun 2021. A Burkina Faso sau biyu aka yi a cikin 2022. Mali ta sha rufe iyaka daga Janairu zuwa Yulin 2022. Amma abin da ya tsinka igiyar shi ne na Nijar, ranar 26 ga Yulin 2023, lokacin da dogaran fadar shugaban ƙasa ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum.

A lokacin Shugaba Bola Tinubu bai cika wata guda da karɓar jagorancin ECOWAS ba. Ranar 30 ga Yuli shugabannin suka taru a Abuja, suka rufe iyakoki, suka dakatar da hada-hadar kuɗi, suka riƙe kadarorin Nijar, suka ba sojojin mako guda su mayar da Bazoum kan kujerarsa ko a yi amfani da ƙarfi. Najeriya ta katse wutar lantarkin da take ba Nijar. Ranar 10 ga Agusta aka ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana. Bamako da Wagadugu suka ce duk wanda ya taɓa Yamai ya taɓa su.

Daga nan abubuwa suka bi juna da sauri. Ranar 16 ga Satumban 2023 ƙasashen uku suka sa hannu kan yarjejeniyar kare juna ta Liptako-Gurma. Ranar 28 ga Janairun 2024 suka sanar da ficewa, suna zargin ƙungiyar da zama 'yar amshin shatan ƙasashen waje, musamman Faransa, da kuma zura musu ido suna fama da 'yan ta'adda. Ranar 6 ga Yulin 2024 a Yamai suka mayar da ƙawancen tarayya. Dokar ECOWAS ta ce mai son fita ya ba da sanarwar shekara guda, shi ya sa ficewar ba ta tabbata ba sai Janairun 2025.

To takunkumin ya yi amfani kuwa?

Idan manufarsa mayar da Bazoum kan mulki ce, bai yi ba. Abin da ya yi shi ne ya ba sojojin abin da ba su da shi a ranar da suka yi juyin mulki, wato taron jama'a a bayansu.

Wanda ya ga bakin iyakar Illela a damunar 2023 ba ya bukatar dogon bayani. Tireloli sun yi layi mai nisa, direbobi da yaran mota na kwana ƙarƙashinsu, suna dafa abinci a gefen taya. Motocin albasa ba sa jure jira; bayan 'yan kwanaki ruwa ke tsiyaya daga buhuna, wari ya cika wurin, dukiyar da aka ci bashi aka saya ta narke a gaban mai ita. A ɗaya ɓangaren kuma shinkafa da man girki da magani suka yi tashin gwauron zabi, Yamai ta koma zaman duhu na sa'o'i. Babu janar ko ɗaya da ya kwana da yunwa. 'Yan kabu-kabu da masu bin ɓarauniyar hanya su ne suka samu kasuwa, tare da masu tsayawa a daji suna karɓar na goro.

ECOWAS ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, gab da azumi, Najeriya da Nijar kuma suka buɗe iyakarsu a watan Maris. Amma a lokacin an riga an sanar da ficewa. Ra'ayina shi ne, duk wata yarjejeniyar da za a ƙulla nan gaba, sharaɗinta na farko ya zama cewa ba a rufe iyaka a kan abinci da magani da lantarki, komai zafin rikicin siyasa. Kada kuma a ɗauka sojoji kaɗai ke jawo irin wannan. Gwamnatin farar hula ce ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, alhali kowa na cikin ECOWAS.

Yanzu ɗan Najeriya ko ɗan Gana na bukatar biza kafin ya shiga Nijar? Ɗan Nijar fa?

A'a, bisa sanarwar da ɓangarorin biyu suka fitar. A Disamban 2024 ƙasashen AES suka ce 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga da zama ba tare da biza ba, sai dai kowace ƙasa na da ikon hana wanda ba ta yarda da shi ba. A ranar ficewar ita ma ECOWAS ta umarci mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku masu ɗauke da tambarinta, su kuma bar su su yi zirga-zirga da zama kamar da. AES ta fito da nata fasfon a wannan rana.

Amma a lura da kalmomin da ECOWAS ta rufe sanarwarta da su: har sai an ba da wata sanarwa. A nan gizo ke saƙar. A da, 'yancin shiga ƙasa na kwana 90 ba biza haƙƙi ne da ke rubuce a yarjejeniyar 1979. Yanzu alfarma ce da kowane ɓangare ya yi don kansa, zai kuma iya janyewa da takarda ɗaya. Mazauna zango a Kumasi da Akara suna da labarin kakanninsu na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Gana. A 1983 Najeriya ta yi irin wannan korar, kuma a lokacin yarjejeniyar ma tana nan. Idan takarda rubutacciya ba ta hana haka ba, ina ga alkawarin baki.

Shawara ga matafiyi ita ce ya riƙe fasfo ko katin ɗan ƙasa mai aiki, da katin rigakafin shawara. Mai mota kuma ya tambaya a bakin iyaka ko takardun inshorarsa na karɓuwa kafin ya tsallaka.

Kayan kasuwa fa? An fara biyan kuɗin fito?

Abubuwa biyu ne ke tafiyar da kasuwanci a ECOWAS. Na farko shirin da ya yafe kuɗin fito ga kayan da aka noma ko aka ƙera a cikin yankin, wanda ya fara da amfanin gona da dabbobi da sana'ar hannu a 1979, aka shigar da kayan masana'antu a 1990. Na biyu harajin bai ɗaya kan kayan da ke shigowa daga wajen yankin, wanda ya fara aiki a Janairun 2015, mai matakai biyar: sifiri, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. ECOWAS ta ce a ci gaba da ɗaukar kayan ƙasashen uku kamar na gida, shi ma na wucin gadi.

A ƙarshen Maris 2025 AES ta sanya harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ake shigarwa daga waje, don ɗaukar nauyin ayyukanta. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin da irin wannan kaso ɗin ECOWAS kanta ke tara kuɗin gudanarwa.

Abin da ya fi taɓa ɗan kasuwa ba wannan ba ne. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina sai Mali da Burkina Faso. A Mayun 2025, ana shirin babbar salla, ta dakatar da fitar da dabbobi don farashin rago ya sauka a gida. Kowace gwamnati na da hujjarta, amma kasuwa irin ta Maigatari, da ke ci ranar Alhamis, da shanu da raƙuma da tumakin da ake korowa daga arewa take rayuwa, dillalai da 'yan kamasho da masu lodi da masu sayar da abinci duk a kansu suke ci. Haka hatsin Dawanau ke cike giɓin rumbunan Damagaram da Maraɗi a shekarar da damuna ta yi gardama. Da akwai yarjejeniya, da aƙalla sai an sanar da maƙwabci kafin a rufe masa ƙofa.

Sai kuma tsohuwar cuta da babu ruwanta da ficewa: shingaye. Tsakanin Katsina da Jibiya kaɗai direba ya san sau nawa yake sa hannu a aljihu, kuma babu rasit. Wannan harajin ya fi na kwastan da duwan ciwo.

Sun bar kuɗin sefa?

Ba su bari ba. Ƙungiyar masu amfani da sefa ta Afirka ta Yamma, UEMOA, daban take da ECOWAS. An kafa ta a 1994, tana da ƙasashe takwas, babban bankinta na Dakar. Nijar da Mali da Burkina Faso sun ci gaba da zama a cikinta tare da Benin, Togo, Kodebuwa, Senegal da Gini Bisau. Wato har yanzu akwai wata rumfa da ta haɗa su da biyar daga cikin mambobin ECOWAS, da dokokin zirga-zirga da na kasuwanci. Waɗanda ba su da wannan rumfar su ne irin su Najeriya da Gana. Shi ya sa Abuja ta fi kowa bukatar sabuwar yarjejeniya: ita ce ke da iyakar kusan kilomita 1,500 da Nijar, wadda ta ratsa jihohi bakwai, Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno.

Ƙasashen uku ba su da teku. Ta ina kayansu ke shigowa?

Ta tashoshin jiragen ruwan ƙasashen da suka baro. Mali ta dogara da Dakar da Abijan, Burkina Faso da Lome da Tema da Abijan. Nijar kuwa Kwatano ce ƙofarta tun fil azal, ta gadar Gaya da Malanbil. Bayan ɗage takunkumi Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta ƙi buɗe nata, tana zargin Benin da ba wa sojojin Faransa mafaka, zargin da Benin ta musanta. Mutane suka koma tsallaka kogin Kwara a kwale-kwale, da buhuna da babura da komai. Manyan motoci suka koma doguwar hanyar Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayari da rakiyar sojoji, ta yankin da 'yan bindiga suka fi ƙarfi. Duk kwanan da mota ta ƙara a hanya, mai sayen sukari a Yamai ne ke biya.

Wani abin mamaki shi ne, a daidai wannan lokacin ɗanyen man Nijar na bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, wanda kamfanin CNPC na Sin ya shimfiɗa. An fara lodi a Mayun 2024, aka yi ta kai ruwa rana har aka dakatar na ɗan lokaci, amma aka ci gaba. Mai ya samu hanya a ƙarƙashin ƙasa, ɗan adam bai samu a kan gada ba.

Manyan ayyukan haɗin gwiwa, irin su layin dogo da lantarki, sun tsaya ne?

Galibinsu ba na ECOWAS ba ne tun asali, na ƙasa da ƙasa ne, don haka ficewa ba ta kashe su ba. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil a kan kusan dala biliyan 2, zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. An sha sukarsa a kudancin Najeriya cewa kyauta ce aka yi wa Nijar. Ni ban ga kyauta ba. Ɗan guntu ne kawai ke cikin Nijar, kuma idan ya haɗu da layin Legas zuwa Kano, kayan da ke bi ta Kwatano da Lome tashoshin Najeriya ne za su ci kuɗinsu.

A fannin lantarki, kafin rikicin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa, babban layin kuma shi ne na Birnin Kebbi zuwa Yamai. Katsewar 2023 ta koya wa Nijar darasin da ba za ta manta ba, ta ƙara mayar da hankali ga tashar hasken rana ta Goru Banda da madatsar ruwan Kandaji. Wannan kuwa ya shafi Najeriya kai tsaye, domin ruwan da ke juya injinan Kainji da Jebba sai ya ratsa Mali da Nijar kafin ya iso. Hukumar kula da kogin Kwara, mai ƙasashe tara da hedikwata a Yamai tun 1980, ita ce teburin da ake wannan maganar, kuma kowa na nan a kansa.

Akwai kuma bututun iskar gas da ake son ya ratsa Sahara daga Najeriya ta Nijar zuwa Aljeriya, fiye da kilomita 4,000. Ministocin Najeriya da Nijar da Aljeriya sun sake sa hannu kan takardunsa a birnin Aljiyas a Fabrairun 2025, makonni kaɗan bayan ficewar. An daɗe ana sa hannu kan wannan bututu.

Tsaro fa? Za a iya yaƙar 'yan ta'adda ba tare da haɗa kai ba?

Ba za a iya ba, kuma nan ne aka fi yin asara. Rundunar haɗin gwiwa ta yankin tafkin Chadi, da aka farfaɗo da ita a 2015 da hedikwata a Injamena, ta haɗa Najeriya, Nijar, Chadi, Kamaru da Benin, aka raba fagen daga kashi huɗu, ɗaya a Diffa. A Maris 2025 Nijar ta sanar da janyewa daga cikinta. AES kuwa tun a Janairun 2025 ta ce za ta kafa tata rundunar mai sojoji 5,000.

Matsalar ita ce 'yan bindiga ba su san wannan rabon ba. Lakurawa na kai da komo tsakanin Sakkwato da Kebbi da jihohin Doso da Tawa. Masu satar shanu da mutane a Zamfara da Katsina na tsallakawa yankin Maraɗi. Mayaƙan da ke dazuzzukan iyakar Burkina Faso sun gangaro arewacin Benin da Togo. Idan sojan wannan ƙasa ba shi da izinin bin ɓarawo ya tsallaka, ba shi kuma da lambar wayar takwaransa na can, iyakar ta zama garkuwar ɓarawon.

Rashin yarda ya yi zurfi. A Disamban 2024 Janar Tiani, cikin wata hira da Hausa, ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don dagula Nijar, mahukuntan Abuja kuma suka ƙaryata. Duk da haka ba a yanke zumunci ɗungurungum ba: babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya je Yamai a Agustan 2024, ministan harkokin waje Yusuf Tuggar kuma ya bi sahu a Afrilun 2025.

An taɓa samun ƙasar da ta fita sannan aka daidaita da ita?

Muritaniya. Ta fice a ƙarshen 2000, ta karkata ga ƙasashen Magrib na arewacin Afirka, amma kasuwancinta da Senegal da Mali bai je ko'ina ba. A 2017 ta sa hannu kan yarjejeniyar ƙawance da ECOWAS, wadda ta shafi cinikayya ba shinge da harajin bai ɗaya, ba tare da ta koma cikakkiyar mamba ba. Wannan shi ne samfurin da ya fi kusa da abin da za a iya yi da AES. Sai dai shekara 17 aka ɗauka kafin a kai ga haka. Muritaniya ƙasa ce mai mutane kaɗan a gefen yankin. Ƙasashen AES kuwa sun haura mutum miliyan 70, sun kuma kwashe fiye da rabin faɗin ƙasar da ECOWAS ke da shi a da. Irin wancan jan ƙafar ba zai yiwu a nan ba.

Ina aka kwana da maganar shigar Maroko?

Ta nema a Fabrairun 2017, taron shugabannin ECOWAS na Monrobiya a watan Yuni ya amince bisa manufa, daga nan maganar ta kwanta. Masu masana'antu a Najeriya sun ji tsoron kayan Turai za su kwararo ta Maroko, ga kuma batun Yammacin Sahara da Najeriya ta amince da ita a matsayin ƙasa. Maroko ba ta zauna jira ba. A Nuwamban 2023 Sarki Muhammad na Shida ya yi wa ƙasashen Sahel tayin hanyar zuwa tekun Atlantika, ta tashar da ake ginawa a Dakhla. Nisan ya yi yawa ƙwarai ga Nijar, amma tayin ya nuna cewa idan ƙasashen gaɓa suka yi sake, akwai mai jiran cinikin.

Me ya sa ba a cika jin Kamaru da Chadi a wannan maganar ba?

Saboda alaƙa da su ba ta taɓa bi ta ECOWAS sosai ba. Hukumar tafkin Chadi ta girmi ECOWAS da shekara 11. A 1964 Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa ta. Rikicin yankin Bakassi tsakanin Najeriya da Kamaru ma kotun duniya ce ta yanke shi a 2002, aka kammala miƙa yankin a 2008. Tsakanin ƙungiyoyin yamma da na tsakiya an yi yarjejeniyar Yawunde ta 2013 kan tsaron teku, da taron haɗin gwiwa na Lome a 2018, amma babu tsarin kasuwanci na bai ɗaya. Shanun Chadi na shigowa kasuwannin Mubi da Maiduguri, kayan Najeriya na fita ta Gamboru da Banki zuwa Kusiri da Marwa, akasari ba a rubuce ba. Wanda ke son ganin yadda maƙwabtaka ke kasancewa idan babu yarjejeniya, ya dubi wannan iyakar.

Su wa ke shiga tsakani?

A hukumance, ECOWAS ta naɗa shugaban Senegal Bassirou Diomaye Faye da na Togo Faure Gnassingbe a Yulin 2024. Shugaban Gana John Mahama ya naɗa wakili na musamman kan AES, ya kuma zagaya ƙasashen uku da kansa a Maris 2025. A Mayun 2025 shugaban hukumar ECOWAS Omar Alieu Touray ya zauna da ministocin harkokin wajen ƙasashen uku a Bamako, zaman farko irinsa bayan rabuwa.

Amma a tuna da waɗanda aka buɗe wa ƙofa a Agustan 2023. Tawagar farko da ECOWAS ta tura, ta Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar a filin jirgin Yamai ta tsaya, ba ta ga Tiani ba. Bayan 'yan kwanaki Muhammadu Sanusi na Biyu ya gan shi tare da Sarkin Damagaram, sannan tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta zauna da shi, daga baya ne Abdulsalami ya koma har ya ga Bazoum. Majalisar dattawan Najeriya ma, da matsin sanatocin arewa, ta ƙi goyon bayan yaƙi. A jawabai ana yawan cewa Najeriya da Nijar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, amma sarakuna da malamai da shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi ba su da kujera a tsarin ECOWAS. Sai wuta ta kama ake nemansu. Akwai kuma hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da ke Yamai tun 1971, wadda ba ta bukatar izinin kowace ƙungiya kafin ta yi aiki, kuɗi da kulawa kawai take bukata.

Yin hulɗa da gwamnatocin soja ba zai ƙarfafa wa masu juyin mulki gwiwa ba?

Wannan damuwa ce ta gaskiya, bai kamata a yi watsi da ita ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2001 kan dimokuraɗiyya ta haramta karɓar mulki ba ta hanyar zaɓe ba, kuma ta yi aiki a Gambiya a 2017, lokacin da Yahya Jammeh ya ƙi sauka. Sojojin ƙasashen uku sun tsawaita wa'adinsu, an rusa jam'iyyu a Nijar da Mali, 'yan jarida na ɗari-ɗari, Bazoum ya shafe shekaru a tsare ba shari'a.

Sai dai ECOWAS ta raunana hujjarta da hannunta. Ta yi gum lokacin da Alpha Conde na Gini da Alassane Ouattara na Kodebuwa suka nemi wa'adi na uku a 2020, haka lokacin da aka sauya tsarin mulkin Togo a 2024. Matashin Bamako ko na Yamai ya ga wannan, shi ya sa wa'azin ba ya shigarsa. Hanyar da nake ganin ta fi ita ce a raba abubuwa biyu. Kujerar taro, da jar darduma, da asusun masu mulki a waje, waɗannan ana iya ɗaura musu sharaɗi. Hanyar mota da takardar makiyayi da layin lantarki kuwa na jama'a ne, ko wa ke kan mulki.

Akwai abin da talakan ƙasashen uku ya rasa wanda ba a cika faɗa ba?

Kotun ECOWAS da ke Abuja. Tana daga cikin kotuna ƙalilan da mutum zai kai ƙarar gwamnatinsa kai tsaye ba sai ya gama bin kotunan gida ba. A 2008 ta yanke hukunci a Yamai cewa gwamnatin Nijar ta gaza kare wata mata da aka sayar tana yarinya a matsayin wahaya, wato baiwa ƙwarƙwara, ta sa a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A Disamban 2023 ta ba da umarnin a saki Bazoum, ba a bi ba. Ko da ba kullum ake bin hukuncinta ba, ƙofa ce, kuma ficewa ta rufe ta ga 'yan ƙasashen uku. Ma'aikatansu da ke aiki a hukumomin ƙungiyar su ma abin ya shafi guraben aikinsu.

Za su dawo?

Babu alamar haka nan kusa. Sun yi tuta da fasfo, sun fice daga ƙungiyar masu magana da Faransanci a Maris 2025, kuma wa'adin wata shida da ECOWAS ta bari ko za su sake tunani ya ƙare ranar 29 ga Yulin 2025 ba wanda ya waiwayo. Ministan harkokin wajen Togo, Robert Dussey, har cewa ya yi shigar ƙasarsa AES ba abu ne da ba zai yiwu ba, kuma duk wanda ya san yawan kayan Sahel da ke bi ta tashar Lome ya san dalilin maganar.

Don haka tambayar da ta fi amfani ita ce me za a rubuta a takardar rabuwar. Ƙasashen uku sun dage sai dai a tattauna da su a dunƙule, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Batutuwan da ke kan tebur sanannu ne: zirga-zirga da izinin zama, fiton kaya daga tashoshin ruwa, takardar shaidar makiyaya ta 1998 da ke ba Fulani da Buzaye damar gangarowa kudu da rani, basussukan bankin raya ƙasa na ECOWAS da ke Lome, da babban layin lantarkin da ake ja daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu. Yarjejeniyar kasuwancin bai ɗaya ta Afirka, wadda a Yamai aka ƙaddamar da matakin aiwatar da ita a Yulin 2019, tana iya cike wani giɓin na haraji, amma ba ta ba kowa izinin tsallaka iyaka ba biza.